Farin Goro a Ƙofar Mai Takaba

An ɗaura auren Ni'imatu da Jumare tela a Kebbe, ranar Juma'a, bayan ƙaramar sallar shekarar 1962. Ƙanen mahaifinta ne ya ba da ita. Mahaifin nata, Malam Attahiru na Tambuwal, bai je ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya hana shi zuwa ya faru ne a wata ƙasa, a zangon Kumasi, a ƙofar ɗakin da 'yar tasa ke takabar mijinta na fari.

Rannan ana yayyafi. Yayanta Ɗangiwa ya sauka daga motar goro da hantsi. Ya zo ne ya jira ta fita takaba, saura 'yan kwanaki, ya mai da ita gida. Ya yi mata gaisuwa, ya sha ruwa, sai idonsa ya faɗa kan wata sabuwar ƙwarya a gefen ƙofa, an rufe ta da ɗanyen ganye.

Ya ɗaga ganyen.

Goro ne fari sol, manya manya, babu ja ko ɗaya. Ƙwarya cikakkiya.

"Ni'imatu."

"Na'am, Yaya."

"Wanga goro daga ina?"

"Maƙwabci yak kawo..."

"Mace?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nika yi! Mace ko namiji?"

"Tela na, Yaya. Wanda shagonshi ke bayan ɗakin ga."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙasar kabarin mijinki ba ta gama kwantawa ba, har kin amshi goron wani?"

"Ban amsa ba... ajewa anka yi."

"Kin mayar?"

Ba ta mayar ba.

Ɗangiwa ya suri ƙwaryar ya fita. Ni'imatu ba ta da ikon binsa, don haka ta matsa jikin bangon baya ta saurara, yadda ta saba sauraren komai na unguwar nan. Ta ji keken ɗinki ya tsaya.

"Kai na tela?"

"Ni ne. Sannu da zuwa. Lafiya?"

"Ga goronka!"

Ta ji ƙwarya ta daki ƙasa ta tsage. Ta ji goro yana gangarawa cikin kwata, mutane suna taruwa.

"Malam, me na yi? Gaisuwa ce na kai!"

"Garinku haka aka gaida matar mamaci?"

"Nan ne garinmu... a nan aka haife ni."

"Shi ya sa!" in ji Ɗangiwa.

A Tambuwal, idan ƙwaryar farin goro ta fito daga hannun namiji ta shiga gidan mace, ma'anarta ɗaya ce: neman aure. Shari'a kuma ta hana a nemi mai takaba. A Kumasi kuwa goro a bayan gari yake fitowa. Ana miƙa wa maƙwabci shi kamar yadda ake miƙa ruwa.

*

Ni'imatu ta zo Kumasi amarya, a farkon 1961. Mijinta Na'iya ɗalibin mahaifinta ne, a zaurensu ya tashi, daga baya ya shiga fataucin goro. Sun shigo garin da almuru a bayan mota mai rufin tamfol, ba ta ga komai ba sai fitilu. Suka sauka a gidan wani mai masaukin fatake, gida mai ɗakuna da yawa, kowa da inda ya fito. Kafin a kai ta ko kasuwa, zazzaɓi ya kwantar da Na'iya.

Bai tashi ba.

Mai gidan ya ce ta yi takaba inda mijinta ya bar ta. Wata huɗu da kwana goma. Ba kwalli, ba lalle, ba fita. Haka ta zauna a tsakiyar babban gari wanda ba ta taɓa gani ba.

A bangon bayan ɗakin akwai wata 'yar taga can sama, an tare ta da waya. Ba a ganin komai ta cikinta sai sama. Amma sauti na shigowa, kuma wanda ya fi kusa shi ne na keken ɗinki, daga hantsi har la'asar.

Ranar da ruwan farko ya sauka, ta ɗauka duwatsu ake jifan ɗakin da su. Ita a ƙarƙashin rufin ƙasa ta girma. Ta dafe kai ta yi salati da ƙarfi.

Keken ya tsaya.

Sai wata murya ta namiji ta ce, kamar da wani take magana can gefe, "Ruwa ne kawai. Haka rufin kwano yake yi. Ba ya faɗowa."

Ta sauke hannu daga kai. Keken ya ci gaba.

Daga rannan telan ya shiga wata ɗabi'a. Ba da ita yake magana ba. Da kekensa yake yi, ko da masu kawo ɗinki, waɗanda sun fi shi sanin abin da yake gaya musu.

"Wannan kukan jirgin ƙasa ne. In ya yi, masu koko sun kusa tashi."

Wata rana kuma: "Gangunan nan na Asantawa ne. Ran Asabar suke makokinsu. Ba yaƙi ba ne, kowa ya kwantar da hankalinsa."

"Jumare, wa ya ce maka yaƙi ne?" in ji wani mai kawo ɗinki. "Ni a nan na tsufa!"

"Na dai faɗa."

A nan ta ji sunansa.

Da yamma akwai wani daka da ke damunta. Ba irin na gero ba ne, yana da nauyi, yana da jinkiri, kamar mai dakan tana jiran wani abu tsakanin bugu da bugu. Wata la'asar muryar ta ce, "Sakwara ce. Mutum biyu ke yi. Ɗaya na daka, ɗaya na juyawa da hannu."

Bakinta ya riga ta.

"Da hannu? Cikin turmi?"

Keken ya tsaya a bayan bangon.

"Da hannu, baƙuwa. Kuma yatsunsu na nan cif."

Ta toshe baki da mayafi. Ita ce dariyarta ta farko tun rasuwar Na'iya, kuma ta yi istigfari a kanta.

A hankali unguwar ta zauna mata a ka. Masallacin Mosawa na gabas, ladaninsu mai sauri ne. Na Yarbawa na kudu, ya fi kowa murya. Na Hausawa na kusa, ladanin tsoho ne, sai ya yi tari kafin ya fara. Famfo na bayan mahauta, inda mata ke faɗa da harsuna iri iri, su rabu da Hausa. Akwai wata gadar katako a kan kwata, tana ƙara in an taka tsakiyarta. Akwai mai dokunu, wani tuwon masara da ake naɗewa a ganye, da ke wucewa bayan azahar tana jan kira kamar mai kuka.

Sau ɗaya ya yi mata tambaya.

"An ce daga Tambuwal kuke. Kakana daga Dogon Daji ya zo da jakuna, bai koma ba. Ni ban taɓa zuwa ba."

"Kusa da mu na."

"Yaya can yake?"

Ta jingina da bangon.

"Shiru gare shi. Kana jin saniya tun ba ka gan ta ba."

"Allah ya mai da ke lafiya."

"Amin."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Babu wanda ya ga fuskar wani. Babu kalmar so, babu alkawari.

Amma akwai wadda ta lura da lokutan da keken ke tsayawa.

Tambaya mai tuwo ce a gidan, 'yar asalin Sanyinna, ta daɗe a Kumasi. Ita ke kawo wa Ni'imatu abinci, ita ke yi mata tsifa, tana kiranta ɗiyata. Tana da 'ya budurwa, Zahara'u, kuma duk zango an san tuwon da ake kai wa Jumare kullum ba na sayarwa ba ne.

Da aka ji Ɗangiwa na hanya, Tambaya ta leƙa shagon.

"Jumare, ɗan'uwan baƙuwarka na tafe. Ba ka gaishe su?"

"Ina so, Gwaggo. Me ake kaiwa a can?"

"Goro mana. Fari, ƙwarya guda, ka zaɓi manya. Ka aje ƙofar ɗakinta da safe, shi iske shi nan. Haka mutanen kirki ka yi garinmu."

Jumare ya rufe shago ya tafi kasuwar goro. Ya sa aka kwance masa huhu, ya zaɓa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Da safe ya ajiye, ya koma shago, ya ce wa kekensa, "Akwai gaisuwa a ƙofa, ta baƙon da ke zuwa."

Ni'imatu ta jawo ƙwaryar ta ɗaga ganyen. Ita ta san abin da farin goro ke nufi.

Ta daɗe tana kallonsa.

Ta mai da ganyen, ta tura ƙwaryar gefen ƙofa.

*

Bayan abin da Ɗangiwa ya yi, keken bai sake magana ba. Yana ɗinki, yana tsayawa, ba murya.

Ranar da ta fita takaba aka yi mata wanka da kitso, aka yi sadaka. Washegari, kamar yadda aka saba, ta fita ta gode wa maƙwabtan da suka yi mata gaisuwa. Uwargidan mai masauki ta raka ta, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Mota kuma gobe za ta tashi.

Hasken waje ya kashe mata ido. Unguwar ta fi yadda ta zata ƙanƙanta, ta fi datti, ta fi launi.

"Mu bi nan, 'yata, mu fara da gidan liman."

"A'a, Inna, in munka bi ta famfo ya fi kusa. Sai mu haye gadar katako."

Tsohuwar ta tsaya ta dube ta.

"Ke da ba ki taɓa fita ba?"

Ni'imatu ta yi gaba. Ga mahauta. Ga famfo, ana faɗa. Ta taka tsakiyar gadar, ta yi ƙara. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya yi tari, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kakanta, shi kuwa bai san ta ba.

Shagon ne na ƙarshe. Tsohuwar ta zauna a kan benci daga waje, ta ce gwiwarta ta gaji, ta juya musu baya.

Siriri ne, dogo, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka saboda zaman keke. Akwai allura soke a hularsa. Ya ɗago ya ga mace tsaye, bai san ta ba.

"Sannu. Ɗinki ne?"

"Na zo godiya."

Ƙafarsa ta sauka daga kan keken.

"Baƙuwa?"

"Ni ta."

Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Wallahi ban sani ba. Wallahi! Da na san abin da yake nufi a wurinku, da hannuna ya karye kafin in ɗauka. Na ɓata miki suna..."

"Wa yac ce ka kai fari?"

"Gwaggo Tambaya."

"Tambaya 'yar Sanyinna ta. Da farin goro anka nemi aurenta."

Ya koma ya zauna a hankali. Can waje mai dokunu ta wuce tana jan kiranta. Ni'imatu ta juya ta ga fuskarta: yarinya ce ƙarama mai fara'a.

"Na ɗauka tsohuwa ta," ta ce.

"Kin fita takaba?" in ji shi, bai ɗago ba.

"Jiya."

"To yanzu na san ma'anarsa. In na sake kawowa... da sanina?"

Ta dubi ƙasa.

"Ba ƙofata aka kai shi ba. Ƙofar Baba, Tambuwal."

"Ban san hanya ba, baƙuwa. Ban san kowa ba."

"Ni ma ban san nan ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"In ka sauka tasha, ka bi ƙarar maƙera har ta ƙare. Sai ka tsaya ka saurara. Gidan da kaj ji tattabaru, shi na."

Da yamma ta iske Tambaya tana kwashe tuwo.

"Gwaggo, mi niy yi miki?"

Tambaya ba ta daina kwasa ba.

"Ba ki yi mini komi ba, ɗiyata. Ke baƙuwa ta, gobe kin tafi. Tawa ɗiyar nan za ta tsufa."

*

Ɗangiwa ya kai labarin Tambuwal kafin a sauke kaya daga mota. Kafin mako ya zagayo, an san shi a bakin rijiya: 'yar Malam Attahiru, mai karantar da mutane hukuncin idda da takaba, ta karɓi goron wani tela tana cikin takabar ɗalibin ubanta.

Malam bai yi faɗa ba. Ya dai daina cewa ita ta kai masa ruwan alwala.

Mahaifiyarta Inno ta zaunar da ita a ɗaka ta ji komai daga farko.

"Wace Tambaya? Ta gidan masu jima, Sanyinna?"

"Ita."

"Ni nar raka ta ɗaki! Ita za ta ce ba ta san farin goro ba? Allah shi isa!"

Inno ta kai wa Malam wannan magana. Ya saurara, ya ce ya ji.

Damina ta wuce. Aka yanke gero, aka kai rumbu. Masu neman zawarci biyu suka aiko, da suka ji zancen bakin rijiya suka janye. Ni'imatu tana daka, tana tatsa, tana jin shirun da ta yaba wa wani a Kumasi. Yanzu ya yi mata yawa.

Wata ranar kasuwa tana shanya a tsakar gida, tattabaru suka tashi gaba ɗaya. Ta ji sallama a zaure da wata Hausa mai karkata wadda ba ta garin ba.

Tsumman da ke hannunta ya faɗi.

Jumare ya zo da kan kekensa naɗe cikin bargo. Ya fara zuwa Dogon Daji, ya yi ta tambaya har ya sami wani tsoho da ya tuna kakansa da jakunansa. Tsohon ne ya shigo gaba, da sabuwar ƙwarya a hannu. Jumare ya biyo shi, ya shiga zaure da takalmi, ya miƙa wa Malam hannu a tsaye. Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna dariya. Tsohon ya ja rigarsa ƙasa har ya durƙusa.

Ɗangiwa ya taso.

"Kai! Har nan?"

"Zamna," in ji Malam.

Ya aika aka kira liman. A gaban liman Jumare ya faɗi abin da ya faru, bai rage ba. Ya faɗi maganar ruwan sama, da ta jirgi, da ta sakwara. Ya rantse bai san ma'anar goron ba, bai nemi alkawari ba, ba a yi masa ba. Aka tambayi Ni'imatu daga bayan ƙofa, ta ce haka ne.

Liman ya ce ba a furta neman aure cikin takaba ba, ba a ƙulla komai ba. Kyautar da mai ita bai san ma'anarta ba, ba ta haramta abin da Allah ya halatta. Yarinya bazawara ce, tana da bakin kanta.

Malam ya ce ya sani. Shi ya karantar da liman wannan babin.

Ya tashi ya shiga gida, ya kira 'yarsa turakarsa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Shi na yarda bai sani ba," ya ce. "Baƙo na. Ke fa?"

"Na sani, Baba."

"Abu guda nika tambayarki, kuma ban taɓa jin kin yi mini ƙarya ba. Sa'ad da kinka ɗaga ganyen, kinka ga fari na... baƙin ciki kinka yi, ko murna?"

Inno na tsaye a bayanta. Ta taɓa ta da ƙafa.

Ni'imatu ta ji taɓin. Ta san abin da ake so ta ce, kalma ɗaya ce, kuma babu mai shaida a duniya.

"Murna niy yi, Baba."

Inno ta dafe ƙirji.

"Na yi kuka bayan nan. Na roƙi Allah gafara. Amma murna niy fara yi."

Malam ya daɗe yana kallon buzun da yake zaune a kai.

"Na'iya ga hannuna yat tashi," ya ce. "Ni nik koya mishi alwala. Ni nib ba shi ke. Ban ga gawarshi ba, ban san inda kabarinshi yake ba. Na ɗauka akwai mutum guda can da ke mishi baƙin ciki har kwanakin su cika."

"Na yi mishi, Baba... Wallahi na yi!"

"Shari'a ba ta kama ki ba. Ba ni hana ki. Ki tafi Kebbe, baffanki shi ɗaura."

"Baba, albarkarka nika so..."

"Tashi ki tafi."

Ƙwaryar tana zaure inda tsohon Dogon Daji ya ajiye ta. A al'ada, in uba ya yarda sai ya sa a raba goron ga dangi. In ya ƙi sai ya mayar. Malam bai raba ba, bai mayar ba. Da magariba Inno ta ɗauke ta ta kai ɗakinta.

*

Bayan ɗaurin aure sun tare a wani ɗan gida a Tambuwal, kusa da maƙera. Niyyar Jumare tun farko su koma Kumasi, inda yake da shago da masu kawo ɗinki.

Wata safiya ya iske ta zaune ta tasa kayan da za a ɗaure a gaba, ba ta ɗaure ko ɗaya ba.

"Baƙuwata."

"Na'am."

"Mota jibi ce."

"Na sani."

Ya zauna kusa da ita.

"Kina son zuwa?"

"Ina son gadar katako. Ina son in ga mai dokunu." Ta dubi kayan. "Amma in nit tafi bai fasa goron ga ba, ba shi fasa shi har abada. Na san Baba."

"Me ya sa ba ki ce masa baƙin ciki kika yi ba? Da yanzu an wuce wurin."

"Da ka so in ce haka?"

Ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "Duk tsawon hanyar nan, abin da nake tambayar kaina ke nan. Ban sami wanda zai gaya mini ba sai mahaifinki."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ya janye hannun a hankali.

"Kin zauna garina ba ki gan shi ba, ba ki yi ƙorafi ba. Zan iya zama naki. Mai da kayan wurinsu, hasken idona."

"Nan ba a faɗin haka da rana," ta ce tana share ido. "Maƙwabta na ji."

"To me ake faɗi?"

"Sannu da aiki."

"Sannu da aiki, hasken idona."

Ya nemi rumfar da zai kafa keke. Akwai wurare a kasuwa. Bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya kama wata tsohuwar rumfa da ke jingine da bangon bayan zauren Malam Attahiru, inda ba a cika wucewa ba. Ɗangiwa ya ce rashin kunya ce. Malam bai ce a tashe shi ba.

Yanzu shi ne ke tambaya. In ta kawo masa fura da azahar sai ya tsai da keke ya ɗaga yatsa.

"Wancan fa?"

"Sussuka. Mata ka fid da gero daga zangarniya."

"Wancan mai kama da kakaki?"

"Gauraka, can fadama."

"Wannan tarin kuma?"

Ta saurara. Daga bayan bangon yake fitowa.

"Baba na," ta ce ƙasa ƙasa. "Haka shika yi in zai buɗe littafi."

Daga rannan, in aka yi tarin, keken sai ya tsaya. Ba ya tashi sai an shafa fatiha ɗalibai sun watse. Babu wanda ya ce masa ya yi haka, babu wanda ya yi masa godiya.

Goro ba ya son a manta da shi. Inno ta juye shi a tukunyar ƙasa. Duk Juma'a takan sauke ta, ta canza ganye, ta yayyafa ruwa, ta fid da wanda sankara, tsutsar goro, ta kama. Takan yi aikin ne a tsakar gida, a daidai inda Malam ke bi in zai tafi masallaci. Yakan raɓa ya wuce.

Da damina ta sake faɗuwa, wata Laraba Inno ta zo rumfar da kanta, da babbar riga fara a naɗe. Wuyanta ya tsage.

"Ta wa ce, Inna?" in ji Jumare.

"Ɗinki anka ce ka yi, ba tambaya ba."

"Shi ya aiko?"

"Ya aje ta inda nika gani. Bai ce kasuwa ba, bai ce nan ba."

Jumare bai sa ta a keke ba. Da allurar da ke hularsa ya ɗinke ta, da hannu, har la'asar.

Ranar Juma'a Ni'imatu ta je gidan. Tana durƙushe kusa da Inno, suna canza ganye, Malam ya fito daga turaka sanye da rigar. Ya zo daidai tukunyar ya tsaya.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya."

Ya dubi goron. Ya ragu da yawa, amma wanda ya saura fari ne, da ɗanyensa. Inno ta zaɓi babba ta riƙe a tafin hannu, ba ta miƙa ba, ba ta mayar ba.

Ladan ya yi kira.

Malam ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya wuce masallaci.

Inno ta mai da goron cikin tukunya, ta yayyafa ruwa, ta rufe da sabon ganye.